Dutsen da Maigandi Ya Huda

Rana ta kusa faɗuwa a bayan fadamar Wurno, hayaƙin girki ya kwanta a kan gidaje, masu albasa suna hawowa tudu da jakunansu ɗaya bayan ɗaya. A gidan Maigandi maƙerin azurfa, 'yarsa Turai ta gama ɗaure awaki, ta zauna bakin murhu tana tuƙa tuwon gero na mutum biyu. Su biyun ne suka rage a gidan, ita da uban, kuma ba su cika magana da juna ba. Tun da uwarta ta rasu, ƙaramar tukunya suke ɗorawa.

Tana cikin tuƙin sai wani abu ya faɗo a kan murfin tukunyar miya, ƙwas. Ta ɗauka ɗan kurna ne iska ta kaɗo. Da ta duba sai ta ga tsakuwa ce, baƙa, sumul, kuma a jiƙe take sharkaf, alhali an yi wata bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ta miƙe ta leƙa bayan katanga. Babu kowa a lungun, don lokacin ne iyaye ke kore yara cikin gida. Kafin ta koma wurin zamanta ta biyu ta faɗo, sannan ta uku, a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar mai jifan ba ya son ya ji wa kowa ciwo, so yake kawai a san yana nan. Yatsunta da suka taɓa tsakuwar ta kai baki ba da niyya ba, ta ji gishiri.

Da uban ya dawo daga masallaci ta nuna masa. Ya juya tsakuwar a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi abin da ke rataye a wuyan 'yarsa.

"Yara na," in ji shi. "Zuba tuwo."

Shi ma bai yarda da abin da ya faɗa ba, kuma abin wuyan nan shi ne dalili.

Maigandi mutum ne mai hannu mai kyau da baki marar kyau. Duk Wurno an san haka, shi ma ya sani, sai dai bai taɓa ganin abin gyarawa a ciki ba. Munduwar da ya ƙera ana gane ta har kasuwar Goronyo, haka nan maganar da ya yaɓa wa mutum takan bi shi har gida. Shekara huɗu kafin wannan maraice, ɗansa namiji tilo, Atiku, ya bar azurfa ta wuce wuta ya ɓata wata munduwa. Maigandi ya ɗaga ta sama a gaban mutanen da ke zaune a maƙera, ya ce hannun nan ba na ƙira ba ne, ya je ya nemi jaki ya kama dako. Bayan kwana uku aka wayi gari ba ya nan, daga baya aka ji ya tafi Sakkwato ya shiga soja, lokacin da Turawa ke kwasar samari zuwa yaƙin Bama.

Da yaƙi ya ƙare, cikin bazarar nan, wani mutumin Rabah mai suna Sale ya yi sallama a ƙofar maƙera, sanye da tsohon kaki, yana jan ƙafa ɗaya. Tare suka yi soja da Atiku. Ya zauna, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi: zazzaɓi ya ɗauke Atiku a cikin dajin can, Musulmi 'yan'uwansa suka yi masa salla suka rufe shi. Sannan ya kwance wani tsumma ya miƙa wa uban.

Dutse ne, girman ƙwallon dabino, toka-toka, wanda in ka gan shi a bakin gulbi ba za ka sunkuya dominsa ba. Maigandi har ya buɗe baki zai yi halin nasa, sai Sale ya ce ya juya shi wajen haske. Ya juya. Wani shuɗi ya tashi daga cikin dutsen, mai zurfi, irin ƙyallin baƙin rawani da ya sha bugu, da ɗan tsanwa a gefe kamar wuyan tantabara. Ya ƙara juya shi kaɗan, hasken ya ɓace, dutse ya koma toka. Shekara arba'in yana ɗora duwatsun ado irin su tsakiya da murjani a kan azurfa, bai taɓa ganin dutsen da launinsa ke cikin ciki ba, yana fitowa yana komawa yadda ya ga dama.

"Can wani gari na bakin teku Atiku yas saye shi, inda jirginmu yat tsaya," in ji Sale. "Baturenmu ya ce sunanshi labaradorai, wai can ƙasassu mata ka sa shi ga zobe. Atiku bai rabuwa da shi. Kullum marece sai ya koma gehe guda shina mashi magana, har muna mashi dariya. Ya ce in Allah ya sa ni na koma gida, in kawo maka."

Maigandi ya karɓi dutsen, amma bai karɓi mutuwar ba. Maƙwabta suka zo ta'aziyya ya ce bai ga gawa ba. Bai shimfiɗa tabarma ba, bai yi sadakar uku ba, bai yi ta bakwai ba. Mutane suka gaji suka ƙyale shi. Abin da ba su sani ba shi ne tsoro ne ya hana shi: in ya yarda Atiku ya mutu, to maganar jaki da dako ita ce ta ƙarshe da ɗansa ya ji daga bakinsa, kuma babu sauran gyara.

Da ya ajiye dutsen a tsummansa, da ƙila shi ke nan. To amma maƙeri ba ya iya ganin dutse mai kyau ya bar shi yadda Allah ya yi shi, hannunsa ƙaiƙayi yake. Ya lura hasken ya fi fitowa idan rana ta karkata, saboda haka ya yi abin da ubansa da kakansa ba su taɓa yi ba: ya zauna aiki a maƙera gab da magariba, lokacin da kowane maƙeri ya kashe wutarsa ya kife kayan aiki. Ya ɗauko siririn ƙarfen huda, ya ɗiga ruwa, ya yi ta murzawa, maraice uku a jere. A na ukun, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, ƙarfen ya ɓulla ɗaya gefen. Ya ji wata iska mai sanyi ta bi ta bayan hannunsa ta wuce, ya ce gajiya ce. Ya zura igiyar fata, ya rataya wa Turai, ya ce rabonta ke nan na ɗan'uwanta. Gaskiyar ita ce so yake ya riƙa ganin shuɗin nan yana gilmawa a tsakar gida duk lokacin da ta sunkuya.

Kwana bakwai bayan haka tsakuwar farko ta faɗo.

Washegari ma ta faɗo, da jibi. Kullum da magariba, kullum a jiƙe. A maraice na huɗu Maigandi ya shigo gida ya tarar tuwo yana ƙonewa a murhu, babu kowa a wurin. Ya same ta a maƙera, zaune a gefen zuga-zugi, inda Atiku yake zama, ta tanƙwashe ƙafa ɗaya yadda yake yi. Idonta a buɗe, amma ba shi take kallo ba. Gidan ya yi tsit, ko awaki ba su motsi. Sai bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Baba, nan ruwa bai ɗaukewa. Yau kwana tara ba mu ga rana ba."

Maigandi ya zauna a ƙasa a gabanta. Muryar Atiku ce, da ɗan shaƙewar nan tata, da yadda yake jan kalmar Baba. Ta yi ta magana a hankali: itatuwan da ba a ganin samansu, shinkafar da ba ta da miya, kewar furar gida, da yadda yake tuna ƙamshin gawayi in an fara hura wuta da safe. Da aka kira isha'i muryar ta yanke, Turai ta kife a wurin. Ya ɗauke ta ya kai ɗaki. Da safe ba ta tuna komai ba, sai dai ta ce jikinta kamar an yi mata duka.

Nan ne ya kamata ya ruga wurin malamai, kuma kowane uba mai hankali haka zai yi. Maigandi bai gaya wa kowa ba. Abin kunya ne a faɗa, amma murna ya yi. Maraice na gaba da kansa ya share maƙera, ya shimfiɗa buzu, ya zauna jira. Ya koma yin sallar magariba a gida, a gurguje. Muryar ta zo, ya saurara, hawaye na bin gemunsa. Yakan yi mata tambaya, ba ta amsawa, labarinta kawai take yi, wani lokaci ma ta maimaita na jiya kalma da kalma. Ya lura da haka, ya kau da kai.

Turai kuwa tana ƙarewa. Ta daina cin abinci sai kaɗan, wuyanta ya fito, idonta ya faɗa. Abin da yake farawa da magariba ya koma farawa tun rana tana saman itatuwa, sannan tun bayan la'asar. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, ba ta da uwa, ba ta da wanda za ta gaya wa, ƙawayenta sun daina shigowa tun da aka fara jin labarin jifa. Wata rana da hantsi tana tankaɗe ta tsaya, ta dubi uban da ke wucewa.

"Baba, yini na ƙara gajercewa gare ni. In na ji la'asar, sai in ga sahiya."

"Zahi na. Ki riƙa shan ruwa."

Sai ta ce, "Da marece kakan dube ni da murna. Ban san mi nika yi ba, amma in na hwalka nakan ga sauran murnar ga huskarka. Da rana ko ba ka dubana."

Ya shiga maƙera ya zauna, bai hura wuta ba har azahar. Amma da la'asar ta yi, ya sake shimfiɗa buzun.

An yi kusan kwana talatin a haka kafin Goggo Hawwa, yayar Maigandi da ke aure a Dinawa, ta zo cin kasuwa ta biyo ta gidan. Ita kaɗai ce a duniya ba ta tsoron bakinsa, don nata ya fi. Ta ga yarinyar, ta ajiye ƙwaryarta. Ta ga tulin baƙar tsakuwa da aka tara a gindin katanga. Ta zauna har la'asar ta ji da kunnenta. Ta kai hannu za ta cire abin wuyan, Turai ta yi wata ƙara ta ƙanƙame shi da ƙarfin da ba nata ba. Goggo ta juyo kan ƙanenta.

"Maigandi, kwana nawa?"

"Atiku na, Yaya. Ke ma kin ji shi."

"Atiku na kabari, Allah shi jiƙanshi. Ka kori guda da bakinka, yanzu kana cin gudar da kunnenka. Dube ta! Dube ta, in kana da ido!"

Ba ta jira ya ce komai ba. Da asuba ta kama hanyar Maikujera da ƙafarta, inda wani malami yake mai suna Malam Lawwali, wanda aka sani da aikin masu iska. Suka iso washegari da azahar, malamin a kan jaki, ita a gaba tana faɗa ita kaɗai. Tsoho ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ba shi da wani kaya sai buta da allo da ɗan ƙullin turare. Ranar hadari ya haɗu a gabas, an ce an yi ruwa can sama, gulbin Rima ya fara kawowa.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya sansana. Ya sa Maigandi ya faɗa masa komai tun daga zuwan Sale, da ya kai wurin huda dutsen sai ya tsayar da shi ya tambayi lokacin. Da ya ji, ya girgiza kai kawai. Ya yi la'asar, ya sa aka zuba garwashi a kasko, ya zauna a ƙofar maƙera. Turai ta taso daga ɗaki da kanta, tana tafiya kamar mai barci, ta zauna a gefen zuga-zugi.

Iska ta tsaya. Hasken ya yi ja, sannan ya yi toka. Tsakuwa ta fara sauka a kan jinka, ɗaya, ɗaya.

"Baba, yau mun ƙetare wani gulbi," in ji muryar Atiku.

Malam ya fara karatu. Ya karanta Fatiha da Ayatul Kursiyyu, ya bi da Falaƙi da Nasi, ya koma ya sake, bai ɗaga murya ba. Muryar ta ci gaba da labarinta a kan karatun, sannan ta fara sarƙewa, ta maimaita kalma ɗaya sau uku, ta tsaya. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa. Goggo ta riƙe ta ta baya tana salati. Sai wata murya ta fito, wadda ba ta namiji ba ce kuma ba ta mace ba, mai nauyi, kamar ana magana daga cikin randa.

"Bari. Ka ƙone ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ban da suna. Babu wanda yat taɓa kirana."

"Kai Atiku na?"

Maigandi ya ƙura wa bakin yarinyar ido.

"A'a."

Abin ya faɗi labarinsa a hankali, da irin Hausar Atiku, don wurinsa ya koye ta. Ya ce a cikin dutsen yake tun dutsen yana jikin uwarsa, a bakin wani ruwan gishiri da ba a ganin ƙarshensa. Hasken da ake gani shi ne ɗakinsa. Aka fasa, aka goge, aka ajiye shi a faifan ɗan kasuwa, hannaye suka yi ta juya shi, babu wanda ya ce masa ko sannu. Sai wannan yaron, Atiku. Shekara biyu kullum maraice yana riƙe shi yana magana. Ba da shi yake ba, da ubansa yake, amma shi ne ya ji, kuma bai taɓa jin daɗin wani abu kamar haka ba. Rannan sai maganar ta daina zuwa. Sannan aka huda masa ɗaki da ƙarfe, ya faɗo waje cikin ƙasar da babu ruwa, bai san kowa ba. Ya yi ta jifa da tsakuwar garinsu ko wani zai tanka. Ƙirjin yarinyar ne wuri mafi kusa mai ɗumi.

"Ka san kana kashe ta?" in ji Malam.

"Na sani. Jikinku bai ɗaukata da daɗewa."

"To za ka hita."

"In tahi ina?" Kan yarinyar ya juya a hankali, idanun suka sauka a kan Maigandi, karo na farko. "Tsoho, kai ka hwaɗi. Kai ɗai kake, ni ma ni ɗai nike. Maganar shekara biyu tana wurina, ko rabi ba ka ji ba. Akwai wadda yay yi kanka ranar da za shi mutuwa. Ka bar ni. Ba kullum ba, Juma'a zuwa Juma'a. In na hita ba ka ƙara jin muryarshi har ka mutu." Sai muryar ta sauya, ta koma ta Atiku, a raunane. "Baba, kada ka kore ni."

Goggo ta fashe da kuka. Malam ya ɗaga hannu ya hana ta magana, ya juya ga Maigandi.

"Ina iya hidda shi da ƙarhi, amma in mai gida na son baƙo, baƙo na komowa. Kai kab buɗe, kai ka ruhewa. Hwaɗi abin da kaka so."

Maigandi ya so ya ce a bar shi. Kada a yi masa ƙarya, ya so ƙwarai, har bakinsa ya fara motsi. Juma'a zuwa Juma'a ai ba yawa. Ya ɗaga ido don ya roƙi Malam, sai idonsa ya faɗa kan hannun da ke riƙe da dutsen. Maƙeri ne, da ido yake auna hannun mace ya san girman munduwarta. Awarwaron da ya ƙera wa Turai bara, wanda sai da sabulu ya shiga, ya zame ya wuce gwiwar hannu yana lilo. Kwana talatin yana zaune a gabanta bai gani ba.

"Kai ba ɗana ba na," ya ce. "Ɗana ya rasu. Wagga ɗiyata ta. Hita ka bar min ita."

Wannan ne karo na farko da ya faɗi kalmar da bakinsa. Tsakuwar ta daina sauka.

Abin ya yi wani dogon nishi. Ya ce zai fita, amma da sharaɗi biyu: a toshe masa ɗakinsa yadda iska ba za ta shiga ba, kuma a sa shi a ruwa mai tafiya, wanda zai kai shi gida ko da bayan shekara dubu ne. Malam ya ce an yarda, ya sa shi ya rantse da Wanda ya halicce shi ba zai dawo ba, ya rantse. Hannun yarinyar ya saki dutsen.

Maigandi ya yanke igiyar. Ya ɗauko siririyar azurfa, ya yanka gida biyu, ya cusa ɗaya a bakin hudar ya daddanne ta a sanyi da ƙaramar masaba, don wuta za ta fasa dutsen. Shi da bai saba kuskure a kan aiki ba, sai da ya kuskure sau biyu. Ya ɗaga dutsen kusa da bakin Turai. Malam ya ci gaba da karatu.

"Tsoho," in ji muryar, ta yi nisa. "Ba ka tambaya ba, amma ga guda kyauta. Ya ce ka duba cikin jinkar maƙera, bisa ƙohwa, hannun dama."

Turai ta yi atishawa sau uku. Sanyin nan ya sake bi ta bayan hannun Maigandi, shuɗin dutsen ya tashi gaba ɗaya ba tare da an juya shi ba, sannan ya lafa. Ya cusa azurfa ta biyu ya danne. Yarinyar ta buɗe ido ta ga mutane a kanta, ta ce da muryarta, ƙarama, "Goggo, yaushe kinka zo? Ina jin yunwa."

Kafin duhu ya rufe, shi da Malam suka gangara bakin gulbi. Sabon ruwa ne, ja, yana tafe da kara da kumfa. Maigandi ya juya dutsen sau ɗaya a sauran hasken da ya rage, ya ga shuɗin, ya ji kamar ana cire masa haƙori. Shi ke nan abin da ɗansa ya aiko masa, da duk maganar da bai ji ba. Ya yi bisimilla ya wurga shi tsakiya. Ko ƙara bai yi ba.

A hanyar dawowa Malam ya ce masa kada ya ɗora zuciyarsa a kan maganar jinka, don irinsu sukan haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya tara. Maigandi ya ce to. Da gari ya waye ya taka turmi ya zura hannu cikin jinkar, bisa ƙofa, hannun dama. Ya taɓo tsumma.

Zobe ne na azurfa, na namiji, ya yi baƙi don daɗewa. Ba a gama shi ba: akwai sawun magagari, ƙarfen goge azurfa, a gefe, kuma gurbin dutsen da ke samansa fanko ne. Atiku ya ƙera shi a ɓoye kafin ya tafi, yana jiran ya sami abin da zai ɗora. Maigandi ya duba gurbin, ya ga girmansa, ya gane dalilin da ya sa ɗansa ya tsaya a gaban faifan ɗan kasuwa a wancan gari. Sannan ya juya zoben yana neman mahaɗin, yadda yake yi wa aikin kowa. Ya nema har sau uku bai same shi ba. Ya zura a yatsansa, ya zauna daidai.

"Hannun ƙira na," ya ce, shi kaɗai a maƙera. "Wallahi hannun ƙira na."

Ranar ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya aika aka gaya wa liman da maƙwabta, aka aika Rabah aka kira Sale. Ya zauna ya karɓi ta'aziyyar da ya ƙi wata biyu. Masu zuwa suna satar kallon zoben, suna mamakin maƙeri kamar Maigandi da zobe babu dutse, amma babu wanda ya tambaya, shi kuma bai taɓa ɗora masa komai ba har ƙarshen ransa.

Bayan kwana bakwai Goggo ta koma Dinawa, gidan ya koma na mutum biyu. Magariba ta yi. Turai tana bakin murhu, ta ƙanƙame jikinta, tana sauraron jinka. Babu abin da ya faɗo. Maigandi ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakar gida, shirun ya yi masa nauyi, ya san kuma haka zai riƙa yi kullum. Ya ɗauko buzun daga maƙera, ya kawo shi kusa da murhu ya shimfiɗa.

"Turai, taho ki zamna. Ba ni labari."

Ta dube shi a tsorace. "Ni, Baba? Labarin mi?"

"Ko na awaki."

Sai ta matso, ta fara gaya masa yadda jar akuyar ta koyi kwance igiya da haƙori. Muryarta ƙarama ce, tana tsayawa tana duban fuskarsa. Ya ce mata ta ci gaba, yana ji.